Daga Gafaka zuwa Kabad: Tarihin Adana Littattafai da Jera Su a Gidajen Gaya da Ƙasar Dandi

Garin Gaya na Jamhuriyar Nijar, wanda suna kaɗai ya haɗa shi da Gayar jihar Kano, yana bakin kogin Kwara ne a ƙarshen kudancin jihar Doso, yana kallon Malanbil ta ƙasar Benin a tsallaken ruwa, Kamba ta jihar Kebbi a Nijeriya kuwa tana gabas da shi, tazarar da mota ke ci cikin ƙasa da awa guda. Ƙasar da garin yake cikinta ita ake kira Dandi, mazaunin Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa, kuma ita ce ta fi kowane sashe na Nijar samun ruwan sama, domin abin da ke sauka a can a shekara yakan kai kimanin milimita 800. Zaman garin a mashigin fatake da kuma laimar da ke cikin iskarsa da ƙasarsa su ne suka fi tasiri a kan yadda mutanensa suka saba adana littattafai a gidajensu. Wanda ya shiga falon malami ko na ɗan boko a yau ya tarar da kabad mai gilashi cike da mujalladai a tsaye, rubutun ruwan zinariya yana ƙyalli a doronsu, zai iya ɗauka cewa haka abin yake tun kaka da kakanni, alhali jera littafi a fili domin ido ya gani al'ada ce da ba ta bazu ba sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, kuma ba ta yiwu ba sai da surar littafin kansa ta sauya, ginin ɗaki ya sauya, sannan aka aro kayan jere daga ɗakin mata.

Littafin da malaman ƙasar Hausa da Dandi suka sani kafin zuwan Turawa rubutun hannu ne, kuma falle-falle yake, ba a ɗinke shi, ba a manne shi. Marubuci yakan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan bayan kowace warƙa, domin idan iska ko yaro ya watsa takardun a iya bin waɗannan kalmomi a mayar da kowace mazauninta, tun da yake ba a saba sa lambar shafi ba. Barin littafi a haka yana da amfanin da ya dace da tsarin karatun zaure, domin malami yana iya zare warƙa goma daga Risala ya ba wani almajiri ya je ya kwafa, ya ba wani goma na gaba, shi kuma ya ci gaba da karantar da sauran, ta yadda kwafi guda zai wadatar da makaranta. Amma littafin da ba shi da doro, wato gefen da ake haɗe warƙoƙi a ɗinke, ba ya tsayuwa da kansa, ba shi kuma da wurin da za a rubuta sunansa mai kallo ya karanta daga nesa. Saboda haka tun daga asali littafi abin kwantarwa ne da naɗewa da ratayewa.

Takardar ma tsada gare ta, domin ba a yin ta a ƙasar. A ƙarni na 19 mafi yawanta daga masana'antun arewacin Italiya take fitowa, musamman na gidan Galvani da ke yankin Pordenone, ta biyo ta Tarabulus ko Alƙahira, ta keto Sahara a bayan raƙuma zuwa Kano, daga nan ƴan kasuwa su rarraba ta yamma da kudu. Idan aka ɗaga irin wannan takarda aka kara ta da hasken rana ana ganin alamar jinjirin wata guda uku a cikin jikinta, kuma da wannan alama ce masana na yau ke ƙiyasta shekarun tsofaffin rubuce-rubuce. Abin da ya yi irin wannan tafiya kafin a ɗiga masa tawada, sannan mahaddaci ko magatakarda ya shafe watanni yana rubuta shi da alƙalamin kara, yana sa wasulla da jar tawada, ba abin da za a bari ƙura da gara su yi wasa da shi ba ne.

Kariyar da ake ba shi hawa-hawa ce. Ana fara sanya warƙoƙin tsakanin bango biyu masu tauri, sannan a saka su cikin tadarishi, wato marufin fata mai leɓe wanda ke zagayo littafin, a ɗaure da siririn tsinken fata da ke maƙale a bakin leɓen, wani lokaci da wuri guda a ƙarshensa domin a soke shi kada ya kwance. Daga nan sai gafaka, jakar fata mai murfi da igiyar ratayawa, wadda ake ɗinka ta daidai girman littafin har sai an ɗan girgiza ta kafin ya fito. A jikin gafaka ne duk adon yake taruwa, kuma aikin dukawa ne. Majema sukan jeme fatar akuya da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, a zana mata baƙin layi da kuloko, a yanka ƙananan ƙyallayen fata kore da rawaya a ɗinka a kan murfin cikin siffar murabba'i ko dagi, a kitsa igiyar da sili da yawa, wani lokaci a sakar mata tuntu a gefe. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har a kasuwannin Turai, ita ce ta fi dacewa da wannan aiki saboda laushinta da ƙarkonta. Mai shiga zauren malami a wancan zamani abin da idonsa zai fara gani shi ne gafakoki rataye a turakun da aka kafa a bango, wasu sababbi jajaye, wasu sun yi baƙi don gumin kafaɗa da hayaƙin fitila, a ƙasansu ga alluna a jingine, ga kurtun tawada, ga buzu a shimfiɗe. Malamin ya san abin da ke cikin kowace gafaka ta kalarta da kaurinta, baƙo kuwa bai sani ba, kuma ba a nufin ya sani.

Wannan sirrintawa ba don tsoron ɓarawo kaɗai ba ce. A cikin takardun malami akwai kundi, wato tarin laƙani da addu'o'i da hatimai da ya tattara daga malamansa tsawon rayuwa, wanda ba ya nuna wa ko da babban almajirinsa sai lokacin da ya ga dama. Akwai kuma tsoron mai aro, domin littafin da aka san da shi za a zo aronsa, kunya ba ta bari a hana, warƙoƙin da suka fita kuwa ba duka ke dawowa ba. Don haka littattafan yau da kullum, irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Ishiriniya, su ne ke zaure, manya irin su Muhtasar na Halilu da Ashafa da Jalalaini da Muwaɗɗa kuwa suna can turaka a cikin adudu, babban kwando mai murfi da ake lulluɓe shi da fata, ko a cikin akwatin katako da aka ɗora a kan duwatsu. A gidajen soro magina sukan bar alkuki a jikin bango, ƙaramin gurbi da aka fi yi domin fitila, shi ma akan aje ƴan takardu a cikinsa, kuma shi ne abin da ya fi kusa da kanta a ginin gargajiya. A ɗakin ciyawa kuwa, wanda shi ya fi yawa a ƙauyukan bakin kogi, ratayewa a jikin tanka ita ce kaɗai hanya, tare da haɗarinta na gobara. Ko gidan sarauta bai tsira daga wannan haɗari ba: lokacin da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya koma Sakkwato a tafiyarsa ta biyu, tsakanin 1826 da 1827, ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello littafin lissafi na Iƙilidisu da Larabci, Bello ya shaida masa cewa gidansu ya taɓa mallakar kwafin littafin da aka kawo daga Makka, amma ya ƙone a gobarar da ta ci wani sashe na gidan.

Idan kuwa aka zo ɗora littattafai bisa juna, akwai ƙa'idar da ake bi, kuma ita ce ta fi kowane sashe na wannan tarihi daɗewa. Littafin Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji, wanda almajiran ilimi a ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa domin koyon ladubban neman sani, ya hori ɗalibi da kada ya miƙe ƙafa wajen littafi, kada ya aza wani abu a kansa, kuma ya sa tafsiri a saman sauran. Alƙalin Masar Badaruddini ibn Jama'a, wanda ya rasu a 1333, ya faɗaɗa wannan ƙa'ida a littafinsa na ladubban malami da ɗalibi, inda ya sa Alƙur'ani a kan komai, yana ganin ya fi kyau a saka shi a jaka mai maratayi a rataye a bango mai tsarki a gaban majalisa, sai littattafan hadisi, sai tafsiri, sai sharhin hadisi, sai tauhidi, sai usulu, sai fiƙihu, sai nahawu da sarfu, sai waƙoƙin Larabawa, ilimin awon waƙa kuma a can ƙasa. Ya kuma yi horo da kada a aje littafi a ƙasa, a ɗora shi a kan katako, a bar rata tsakaninsa da bango saboda laima, a rubuta sunansa a bakin warƙoƙin ta ƙasa domin a gane shi yana kwance. Jakar da ya siffanta ta yi kama da gafaka ƙwarai. Abin lura a nan shi ne, ma'aunin jeri daraja ce, ba girman littafi ko launinsa ko farkon harafin sunan mawallafinsa ba, har ƙaramin littafin hadisi yakan hau kan ƙaton littafin nahawu.

Matsayin Gaya a kan hanyar fatauci ya ƙara wa wannan tsari ƙarfi. Ayarin fataken goro da ke tashi daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja sukan bi ta Jega, su ƙetare Kwara a mashigun da ke tsakanin Gaya da Illo da Yawuri, su ratsa Borgu ta Kandi ko Nikki zuwa Jugu, har su isa Salaga, tafiyar da kan ci watanni, suna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu da gishirin kwarin Foga da ke arewacin Gaya. Kowane babban ayari, ban da madugu da jagaba da uban dawaki, yana da malaminsa, mai zaɓen ranar tashi, mai rubuta wasiƙa da lissafin bashi, mai jan salla, kuma wasu daga cikin waɗannan malamai sukan yada zango su zauna a garuruwan hanya. Mafi shahara a cikin irinsu shi ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya yi zama a ƙasar Kabi, ya isa Salaga wajen 1892, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Taskar littattafan irin wannan mutum dole ta zama wadda jaki zai ɗauka, kwalekwale kuma ya ƙetare da ita. Yaƙe-yaƙe su ma sun hana littafi zama wuri guda. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, a bayan raƙuma aka ɗauki littattafansa. Bayan an raba daular da Shehu ya kafa an ba ƙanensa Abdullahi sashen yamma, ƙasar Dandi ta shiga ƙarƙashin ikon Gwandu, amma a 1849 Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa a Argungu, Dandawa da Zabarmawa da Arawa suka mara masa baya, yankin ya shiga ɗauki-ba-daɗi na shekaru masu yawa, wanda sulhun da aka sani da Lafiyar Toga ya ɗan lafar da shi wajen 1867. A cikin wannan hali ne Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka Gwandu a 1853, aka ara masa kwafin Tarihin Sudan na Abdurrahman Sa'adi, ya zauna kwanaki yana tsakuro abin da zai iya daga cikinsa, kafin ya bi ta kwarin Foga ya isa Sayi a watan Yuni. Littafin yana hannun mai shi a ɓoye, sai da aka yarda da baƙon aka fito masa da shi.

A duk tsawon wannan zamani akwai ɗaki guda a gidan Bahaushe da Badande inda ake shirya kaya takanas domin a gani a yaba, shi ne ɗakin amarya. Jere, wato shirya kayan ɗaki a jikin bango da dangin amarya mata ke yi kafin a kai ta, ya fara ne da ƙorai da akusa da faifai a kan ragaya, ya koma tasoshin tagulla, sannan kwanukan sha da langa da fanteka masu fenti da suka cika kasuwanni a zamanin mulkin mallaka, ana ɗora su babba a ƙasa ƙarami a sama har su kusa taɓa rufi, kala da kala, saiti da saiti. Mafi yawan waɗannan kwanuka ba a cin abinci a cikinsu, domin aikinsu shaida ne a kan gatan yarinya da ƙoƙarin uwarta, kuma ajiya ce da za a iya sayarwa ranar buƙata. Ƙwarewar daidaita tsawo da launi da tazara a jikin bango, wadda ita ce ginshiƙin abin da ake kira ƙawata kanta a yau, a hannun mata ta girma, kuma kafintocin da suka fara ƙera kanta da kabad mai gilashi a garuruwan Hausa domin kwanukan jere suka ƙera su. Littafi daga baya ya shigo ya tarar da wurin a shirye.

Mulkin mallaka ya kawo littafi mai doro ta ƙofa biyu. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba wannan yanki, Illo da Kamba suka faɗa ɓangaren Ingilishi, Faransawa kuma suka kafa sansani a Doso a ƙarshen wannan shekara, Gaya ta kasance a ɓangarensu. Lakwal, wato makarantar bokon Faransa, ta zo da littattafan karatu irin su Mamadou et Bineta, waɗanda mallakar makaranta ne, mushe, wato malamin ajin, ke kulle su a kabad ɗin aji ya raba da safe ya karɓe da yamma, kuma a wurin ɗimbin yara wannan kabad ne farkon inda suka ga littattafai a tsaye. A ɗaya ɓangaren iyakar, Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta fitar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar bayan gasar 1933, Magana Jari Ce ta biyo baya daga 1937, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, kamfanin buga littattafai na NNPC kuma a 1966. Iyakar da ke tsakanin Gaya da Kamba ba ta taɓa hana waɗannan takardu ƙetarowa a cikin kayan ƴan kasuwa ba, sai dai sirara ne masu bangon takarda, kuma mazauninsu akwatin ƙarfe ne ko ƙarƙashin katifa.

Malaman zaure kuwa bugun Misra ne ya fara sauya musu hali. Madaba'o'in Alƙahira, musamman gidan Mustafa al-Babi al-Halabi, sun riƙa buga littattafan Malikiyya a kan takarda mai ruwan ɗorawa, matani a gefe sharhi a tsakiya, alhazai da dillalan kasuwar Kurmi ta Kano suna shigo da su. Da yawa daga cikin waɗannan bugu kashi-kashi suke zuwa ba a ɗinke ba, cikin bango mai leɓe, don haka suka shige gafaka ba tare da wata matsala ba. Daga wajen shekarun 1950 madaba'o'in Kano da Zariya suka shiga ɗaukar hoton rubutun hannu na gida suna buga shi da yawa, har Alƙur'ani mai ruwayar Warshu, wanda aka ci gaba da sayar da shi falle-falle domin masu saye haka suka saba da shi. Wannan mataki ya rage tsadar littafi ƙwarai, ya kuma ƙara yawansa a gida har ya fi ƙarfin turakun bango, sai akwatunan ƙarfe suka yawaita a turakar malamai, ana jibga su bisa juna a kan bulo ko a kan guntayen azara. Azara, wato tsagin itacen giginya, abu ne da Gaya ta fi kowa arzikinsa a Nijar, domin dazukan giginya na Dallol Mawuri a yankinta suke, kuma an san ta da taurin da gara ba ta cika iya mata ba.

Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, wadda aka buɗe a 1958, ta mayar da garin babbar ƙofar kayan da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta jirgin ƙasa zuwa Paraku, daga can kuma ta manyan motoci. Ta wannan hanya da ta Nijeriya siminti da kwanon rufi da gilashi da katakon kurmi suka yi sauƙin samu, ma'aikatan kwastan da jami'an gwamnati da ƴan kasuwar fito suka gina gidajen bulo masu falo. Bangon siminti yana riƙe ƙusa, daɓen siminti yana rage hanyar gara, falo kuma ɗaki ne da baƙo namiji ke shiga ya zauna a kujera ya ɗaga ido ya dubi bango, saɓanin zaure da kowa ke zaune a ƙasa. A falon ɗan boko na shekarun 1970 da 1980 kabad guda ce ke ɗauke da rediyo da kofunan tangaran da hoton aure da takardar shaidar kammala karatu, a hawa ɗaya kuma ƙamus na Larousse da littattafan Boubou Hama da Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980. Karyewar darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994 ta ninka farashin littattafan da ake kawowa daga Faransa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa kantar ɗan boko a Nijar ba ta cika yin kauri ba.

Ta ɓangaren Larabci ne kabad ta cika ta batse. Madarisar farko mai haɗa Larabci da Faransanci a Nijar an buɗe ta a Sayi a 1957, Jami'ar Musulunci ta Sayi ta fara aiki a 1986, ɗalibai kuma suka riƙa tafiya Azhar da Jami'ar Madina, wadda aka kafa a 1961, suna dawowa da kwalaye cike da bugun Bairut da Alƙahira da Riyad. Ma'aikatar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad da ke Madina, wadda aka buɗe a 1984, ta cika jakunkunan alhazai da mus'hafai masu bango mai tauri, har da tarjamar Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi. Mujalladi, wato juzu'i guda na babban littafi da aka ɗinke aka yi masa bango mai ƙarfi, an ƙera shi ne domin ya tsaya. Madaba'o'in Bairut sun ma ƙirƙiro wata dabara da ta tilasta jeri: sukan shimfiɗa sunan littafi da manyan baƙaƙe na ruwan zinariya a kan doron juzu'an gaba ɗaya, kowane juzu'i yana ɗauke da guntun harafi, ta yadda sunan Fathul Bari, mai juzu'i goma sha uku, ko Majmu'ul Fatawa na Ibn Taimiyya, mai talatin da bakwai, ba ya karantuwa sai an tsayar da su kafaɗa da kafaɗa daga dama zuwa hagu. Idan aka ari juzu'i guda giɓin yana bayyana daga bakin ƙofa. Turawa ma ba su daɗe da wannan al'ada kamar yadda ake zato ba, domin a ɗakunan karatunsu na da littattafai a kwance suke ko a ɗaure da sarƙa, kuma sai a ƙarni na 16 da na 17 tsayar da su da juya doronsu waje ya zama ruwan dare.

Da littafi ya fito fili sai ya zama shaidar aƙidar mai gida. A gidan Batijjane, kuma Tijjaniyya tana da ƙarfi a jihar Doso saboda zawiyar Kiyota ta Shaihu Abubakar Hashim, wanda ya rasu a 2004, akan ga Jawahirul Ma'ani da diwanin Shaihu Ibrahim Inyas, da hotonsa a saman kabad, da dogon carbi rataye a gefe. A gidan mabiyin Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978 ta kuma bazu cikin Nijar ta garuruwan iyaka, akan ga Kitabut Tauhid da Tafsirin Ibn Kasir da Riyadus Salihina, ba hoto ko ɗaya. Duk da wannan saɓani, ɓangarorin biyu ba su saki tsohuwar ƙa'ida ba: Alƙur'ani yana hawan ƙoli, sau da yawa a kwance a kan ƙyalle, tafsiri da hadisi a ƙasansa, fiƙihu da lugga a tsakiya, littattafan boko na yara da tsofaffin jaridu a hawan ƙasa. Ƙa'idar da aka tsara domin littattafan da ke kwance bisa juna ita ce aka miƙar ta zama hawa-hawan kabad. Littattafan soyayya na Kano kuwa, irin su In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da rubuce-rubucen Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, waɗanda mata suka fi kowa karantawa tun daga ƙarshen shekarun 1980, ba su samu gurbi a kabad ɗin falo ba, ko da yake mai yiwuwa sun fi duk abin da ke cikinta shan hannu. Yawonsu daga ɗaki zuwa ɗaki ne, ta aro da haya.

Wayar hannu ta kawo sauyi na baya-bayan nan. Manhajoji irin su Maktaba Shamila sun tara dubban littattafai a cikin na'ura guda, har malami na iya binciko mas'ala ba tare da ya tashi daga mazauninsa ba, amma hakan bai rage sayen mujalladai ba, domin mai wa'azi a Facebook da YouTube yana buƙatar kabad a bayansa kamar yadda yake buƙatar rawani. Ba laifi ba ne littafi ya zama ado, sai dai saitin da har yanzu ledarsa ba ta ɓare ba bayan shekaru ya fi kusa da kwanukan jere fiye da gafakar da gumi ya baƙanta.

Wanda ya yi asara a duk wannan sauyi shi ne tsohon rubutun hannu. Ba ya tsayuwa a kabad, ba shi da ƙyalli, jikokin mai shi da yawa ba sa iya karanta salon rubutunsa, sai aka bar shi a akwati a tsohon ɗakin ƙasa na bayan gida, inda rufi ke yoyo a watan Agusta, gara kuma ke shigowa ta ƙasa ta cinye cikin littafi ta bar bangon lafiya lau. Rabon gado yana ƙara ɓarna, domin littafin da ba a ɗinke ba yana da sauƙin kasawa tsakanin magada, kowa ya tafi da kason da ba shi da farko ko ƙarshe. Ambaliyar Kwara, irin ta 2012 da ta 2020, ta rushe ɗimbin gidajen ƙasa a garuruwan bakin kogi tare da abin da ke cikinsu. Boubou Hama, shugaban Majalisar Dokokin Nijar har zuwa 1974, ya hango wannan haɗari tun da wuri, ya tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami daga sassan ƙasar da maƙwabta, kuma tarinsa ne tushen sashen rubuce-rubucen hannu na cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, mai ɗauke da kimanin kwafi 4,000.

A gari mai laima irin Gaya, kanta buɗaɗɗiya da aka manna a bango, irin wadda ake kwaikwayo daga hotunan gidajen Turai, ita ce mafi munin zaɓi, domin ƙurar hunturu da raɓar damina duk a kanta suke sauka. Kabad mai ƙofa, mai ƙafafu, wadda aka janye ta kamar taƙi guda daga bango ake kuma buɗe ta ta sha iska a ranakun rani, ita ta fi dacewa, tsofaffin warƙoƙi kuwa a bar su kwance cikin tadarishinsu a hawan sama, kada a tsayar da su, kada a naɗe su a leda. Magadan da ke riƙe da irin waɗannan takardu a Gaya da ƙauyukanta ya kamata su nemi masana su ɗauki hoton kowace warƙa tun littafin yana cike, kafin a zauna rabon gado.